Cibiyar Shawara ga Iyali a Garwa: Abin da Take Iyawa da Abin da Ya Fi Ƙarfinta

A garin Garwa, babban birnin yankin Arewa na ƙasar Kamaru, akwai wata ƙaramar cibiya mai zaman kanta da ke zama da iyalan da 'ya'yansu matasa suka shiga rikici, ko na shaye-shaye, ko na ƙin makaranta, ko kuma irin shirun nan da yaro zai shige ɗaki ya daina kula kowa. Ba zan faɗi sunanta ba, domin akwai gazawar da zan ambata, kuma rufin asirin iyalin da na raka ya fi mini tallata wuri muhimmanci. Hukuncina a kanta shi ne, aikin da ake yi a can yana da amfani ƙwarai, amma amfanin nasa ya rataya kusan gaba ɗaya a wuyan maigida, idan ya yarda ya zauna a yi da shi. Haka kuma cibiyar ba ta da ƙarfin riƙe yaron da ƙwaya ta riga ta kama jikinsa, sai da hannun likita a ciki.

Wanda ya kai mu wurin ɗan yayana ne, ɗan fari a ɗakin uwargida, mai shekara 17. Ya faɗi jarrabawar Probatoire, wadda a tsarin karatun Faransanci na Kamaru ita ce ƙofar shiga ajin ƙarshe na sakandare, kuma wanda bai ci ta ba babu halin ya zauna Baccalauréat, jarrabawar kammala sakandare. Tun daga nan ya ƙi komawa aji, ya samu wani ya ba shi babur yana haya a boye, ya shiga shan tramol kamar yadda matasa masu wannan sana'a da dama ke yi domin su jure rana da gajiya. Duk wanda ya san zafin Garwa a watannin Maris da Afrilu, lokacin da ma'aunin zafi ke haura 40, zai gane yadda ake yaudarar yaro da cewa wannan ƙwaya maganin gajiya ce kawai. Asalinta kuwa maganin ciwo ce mai ƙarfi, daga dangin magungunan da ke sa jiki ya saba da su har ya kasa rabuwa. Kamfanin Grünenthal na Jamus ne ya ƙirƙiro ta, ta shiga kasuwa a 1977, kuma a ƙa'idar likitanci babba ba ya wuce miligiram 400 a yini. Wadda ake sayarwa a bakin titi akan same ta da ƙarfin 120 ko 225 a ƙwaya guda, yaro kuma ya haɗa biyu ko uku ya kora da shayi ko kofi, shi ya sa jijjiga mai kama da farfaɗiya ke kayar da wasunsu.

Abin da ya fara bambanta wannan cibiya da sauran wuraren da aka ba mu shawarar zuwa shi ne, sun ƙi karɓar yaron shi kaɗai. Malamar da ta karɓe mu, wadda ta karanci halayyar ɗan Adam, ta keɓe da shi na ɗan lokaci a ranar farko, sannan ta fito ta ce ba za a ci gaba ba sai an zo da mahaifinsa da mahaifiyarsa, in da hali har da abokiyar zaman mahaifiyar. Yayana bai ji daɗin wannan sharaɗi ba. Cewa ya yi, "Malama, ni lafiyata ƙalau. Ku faɗa mini kuɗinku in biya, ku gyara shi in dawo in ɗauka, kamar yadda nake kai babur wurin makanike." Ta ce masa, "Alhaji, yaron nan a gidanka yake kwana, a gidanka yake tashi. Mu awa ɗaya muke ganinsa, ku kuma sauran awoyin mako duk naku ne, saboda haka ba mu da hanyar taimakonsa wadda ba ta bi ta kanka ba." Ban yi zaton zai dawo ba, amma ya dawo, kuma ina ganin abin da ya dawo da shi shi ne yadda ta ba shi girmansa na uba maimakon ta tuhume shi.

Wannan hanya ba ita ta ƙirƙiro ta ba. Tun a tsakiyar ƙarnin da ya wuce wasu masana a Amurka suka lura cewa matashin da aka kwantar a asibiti ya samu sauƙi yakan koma gidan jiya da zarar ya koma cikin iyalinsa, sai suka fara kallon gida baki ɗaya a matsayin abin da ake yi wa magani. Fitacce a cikinsu shi ne Salvador Minuchin, likita haifaffen Ajantina wanda ya rasu a 2017. Ya yi aiki da yaran talakawa masu laifi a Niyok, daga baya ya shugabanci wata cibiyar kula da yara a Filadelfiya, kuma abin da ya fi mayar da hankali a kai shi ne tsarin gida: wa ke da iko, wa ke haɗa baki da wa, ina aka bar yaro ya hau kujerar manya, ina kuma aka yi masa nisa har ya rasa mai jin kukansa. Wani kuma, Murray Bowen, shi ya yi fice da zana taswirar dangi ta tsatso uku, domin a ga yadda hali da rigima ke gangarowa daga kaka zuwa jika.

Wannan taswira ita ce aikin farko da aka yi da mu, kuma a nan na fara ganin inda tsarin Turawa ke karo da gidajenmu. Takardar da ta ɗauko an tsara ta ne domin miji ɗaya da mata ɗaya da 'ya'ya biyu ko uku. Kafin a gama lissafa matan yayana biyu, da wadda ya saki, da 'ya'yansu, da ɗan riƙon da ke gidan, da tsohuwarmu da ke sashenta amma babu abin da ake yankewa ba da saninta ba, takarda ta cika, sai da aka liƙa mata wasu biyu da salatif aka shimfiɗa a ƙasa. Malamar ba ta nuna mamaki ba, ita ma 'yar Arewa ce. Da jan alƙalami take jan layi tsakanin waɗanda ba sa ga maciji da juna, da shuɗi kuma tsakanin masu shiri. Da aka gama, kowa ya ga abin da ba a taɓa faɗa da baki ba: layin shuɗi ɗaya tak ke fita daga sunan yaron, shi ne mai zuwa wurin mahaifiyarsa, kuma tsakaninsa da mahaifinsa babu ja babu shuɗi, fili ne kawai. Yayana ya daɗe yana kallon wurin bai ce uffan ba.

Inda na fi yaba mata shi ne yadda ta bi da al'amarin kunya. A ranar da aka fara zaman iyali, kujeru aka jera a da'ira, amma yaron ya ƙi hawa, ya durƙusa a bakin ƙofa kansa a sunkuye, domin ba a yi masa tarbiyyar zama kafaɗa da kafaɗa da mahaifinsa ba. Wani mai bin littafi sau da ƙafa da ya matsa masa ya hau kujera, ya kuma ce ya dubi ubansa ido cikin ido ya faɗi abin da ke ransa, wanda a wurinmu fitsara ce tsagwaronta, kuma da an yi haka da yayana ya tashi ya fita. Ita sai ta sa aka kwashe kujerun aka kawo tabarma, kowa ya sauko ƙasa, aka bar wa maigida matashin jingina domin a bambanta shi. Ga kuma kunyar ɗan fari, wadda ta yi ƙarfi a Garwa saboda cuɗanyar Hausawa da Fulani: mahaifiyar ba ta taɓa kiran sunan yaron ba tun da ta haife shi, "wannan" take cewa ko "yaron nan", kuma ba ta iya nuna damuwa da shi a gaban mutane. Malamar ba ta nemi ta karya wannan al'ada ba. Ni ta mayar tsani, tunda a matsayina na baffa ina da damar yin maganar da uba da uwa ba za su iya ba. Takan ce da yaron, "Faɗa wa Baffa abin da kake so Baba ya sani," shi kuma ya juyo wurina ya yi magana, alhali uban na zaune yana ji. A haka ya ce, "Baffa, ranar da sakamako ya fito, Baba bai tambaye ni komai ba. Cewa ya yi an yi asarar kuɗi, kuma a gaban ƙannena ya faɗa." Wannan magana ta fi wata shida a cikinsa.

Daga nan ne zaren ya fara warwarewa, kuma abin da ya fito ba baƙon abu ba ne a gidajenmu. Uba ba ya magana da ɗa sai an kawo ƙara. Amarya ce ke kai ƙarar, ba lallai don mugunta ba, sai don tana tsoron 'ya'yanta ƙanana su kwaikwayi yayansu. Uwar kuma, da take ganin an sa wa ɗanta ido, sai ta riƙa rufa masa asiri, tana buɗe masa ƙofa da tsakar dare, tana ba shi kuɗi a ɓoye daga cinikin da take yi a cikin gida, kuɗin da a ƙarshe wurin mai ƙwaya suke tafiya. Kowane ɗayansu yana ganin gyara yake yi, kuma abin da kowanne ke yi shi ke ƙara ingiza ɗayan. Malamar ba ta taɓa cewa wane ne mai laifi ba, kuma da amarya ta fara kare kanta sai ta ce mata, "Hajiya, ba shari'a muke yi ba, babu wanda za a ci tara."

Ayyukan da take bayarwa a tafi da su gida ƙanana ne, har da farko na raina su. An ce kuɗin kashewar yaron daga hannun uba kaɗai za su riƙa fitowa, a rana sananniya, uwar ta janye hannunta. An ce duk ƙarar da za a kai, a kai ta a gaban uwar, ba a bayan idonta ba. An ce faɗa ko horo a yi shi a zaure, ba a tsakar gida gaban ƙanne ba. Sannan aka nemi uba da ɗa su samu abu guda da za su riƙa yi tare wanda ba faɗa ba ne kuma ba aike ba ne. Sun rasa, sai da ƙyar aka gano dukansu magoya bayan Coton Sport ne, ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Garwa, amma ba su taɓa zuwa kallon wasa tare ba. Wanda ya fi wahalar cikawa a cikin waɗannan sharuɗɗa shi ne na uwar, ba na uban ba, domin hana ɗa kuɗi a wurinta kamar yanke ƙauna ne, kuma an sha komawa kan wannan batu.

Game da addini, ban ga inda suka yi jayayya da abin da iyali suka yi imani da shi ba. Tsohuwarmu ta tsaya kai da fata cewa sammu ne ko shafar aljanu, ta sa ana yi masa ruƙiyya da rubutun sha. Malamar ta ce a ci gaba da addu'a, ita abin da ba ta yarda da shi ba shi ne duka da ɗauri. Ta faɗi haka ne saboda wani daga cikin dangi ya kawo shawarar a tsallaka da yaron Najeriya a kai shi gidan mari. Ta tunatar da mu abin da 'yan sanda suka tarar a wani irin wannan gida a Kaduna a watan Satumba na 2019, inda aka kuɓutar da mutane sama da 300, da yawansu da sarƙa a ƙafa da tabon duka a jiki. Maganar ta mutu a nan.

Gazawar da ta fi girma ita ce babu likita a cibiyar, kuma haɗin da ke tsakaninsu da asibiti bai wuce takardar da za su rubuta maka ka tafi da ita ba. Wanda jikinsa ya saba da tramol idan ya bari lokaci guda yakan shiga mawuyacin hali: gumi, ciwon gaɓoɓi, gudawa, rashin barci, da fargaba mai tsanani. Shi ya sa likitoci kan rage ta sannu a hankali maimakon a datse. An yi mana wannan bayani, amma a makare, bayan yaron ya riga ya yi alkawari a gaban ubansa cewa ya bari daga ranar, ya kuma kwana yana rawar ɗari babu wanda ya san abin yi, domin wayar cibiyar a kashe take da dare. Kamata ya yi batun likita ya zo a zaman farko, kafin a ɗauki kowane alkawari. Na san matsalar ta fi ƙarfin ƙaramar cibiya, domin likitocin ƙwaƙwalwa ƙalilan ne a Kamaru, akasarinsu kuma suna Yawunde da Duwala, ga shi asibitin Jamot da ya fi suna a wannan fanni yana Yawunde, tafiyar sama da kilomita 1,000 daga Garwa. Amma tun 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da shirin mhGAP domin a horar da likitocin gama-gari da ma'aikatan jinya su iya kula da irin waɗannan matsaloli inda babu ƙwararre, saboda haka samun likita guda da za a riƙa kira ba abu ne da ya gagara ba.

Sai batun harshe. Malamar da muka samu tana jin Hausa da Fulatanci da Faransanci, shi ya sa muka ji daɗi. Abokin aikinta da ya riƙe mu a wani zama da ba ta nan Faransanci kaɗai yake iyawa da kyau, sai ya zama yaron da ake magana a kansa shi ne ke fassara wa mahaifiyarsa abin da ake faɗa. Wannan ya juya tsarin da ake ƙoƙarin gyarawa, domin ya ɗora ɗa a kan uwa, kuma ba ni da shakka ya tace abin da ya ga dama. Duk wanda zai je ya tambaya tun farko da wane harshe za a yi zaman, kuma ya nace a bar shi da mutum ɗaya har ƙarshe.

Wurin jira ma abin dubawa ne. Benci ne a baranda mai kallon titi, duk mai wucewa yana ganin wanda ke zaune, a garin da kowa ya san kowa, kuma inda zuwa irin wannan wuri ke iya sa a ce akwai taɓin hankali a gidan wane, maganar da kan iya hana 'yan matan gidan samun miji. Matan yayana sai sun ja mayafi sun rufe fuska kafin su sauka daga mota. Labule ko katangar zana da ta wadatar. A cikin ɗaki kuwa ban ga sakaci da sirri ba: abin da yaron ya faɗa mata a keɓe ba ta kawo shi gaban iyaye ba sai da izininsa, kuma ta gaya masa tun farko cewa abu ɗaya ne ba za ta ɓoye ba, wato idan ransa ko na wani yana cikin haɗari.

Lokutan aikinsu na ma'aikatan gwamnati ne, daga safe zuwa la'asar, lokacin da ɗan kasuwa ba ya iya barin shago, alhali shi ne mutumin da suka fi bukata. Da za su buɗe bayan sallar isha'i ko ranar Lahadi da sun samu iyaye maza fiye da yadda suke samu. Kuɗin zama kuwa ba tsayayye ba ne, suna duba ƙarfin mutum, amma tunda aikin na watanni ne ba na kwana ɗaya ba, mai ƙaramin ƙarfi zai ji a jikinsa. Wanda ba shi da hali zai iya fara gwada ofisoshin jin daɗin jama'a na gwamnati da ke ƙarƙashin ma'aikatar harkokin zamantakewa, inda ake sauraron rikicin iyali da na yara.

Akwai abin da na lura da shi a barandar nan wanda ba laifin cibiyar ba ne: kusan duk matasan da ake kawowa maza ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ɗaya cikin bakwai na masu shekara 10 zuwa 19 yana fama da wata matsalar lafiyar ƙwaƙwalwa, kuma ciwon damuwa da fargaba suna cikin waɗanda suka fi yawa, ba su kuma bar 'yan mata ba. Bambancin shi ne namiji idan ya shiga damuwa gari ne ke ji, mace kuwa ta daina cin abinci ta yawaita kwanciya, a ce mata ta cika son jiki, ko a ce aure take so. Malamar ta ja hankalinmu ga ƙanwar yaron mai bi masa, wadda duk wannan hayaniya a kanta take ƙarewa ba tare da kowa ya tambaye ta ba, ta kuma nemi a zo da ita wani zama.

Ga wanda ɗansa ya kai shekara 20 ko fiye, lissafin ya ɗan bambanta, domin ba sa karɓar babban saurayi da aka jawo da ƙarfi, sai dai su fara zama da iyayen su kaɗai har ya yarda ya zo da ƙafarsa. Wanda kuma ɗansa ya faɗi yana jijjiga, ko ya fara maganar ya gaji da rayuwa, ko yana jin muryoyin da babu su, asibiti zai fara nufa a ranar, cibiyar ta biyo baya.

Yaronmu yana ganin likita a wani asibitin gwamnati, an rage masa ƙwayar har ya rabu da ita, ko da yake ya koma sau ɗaya a lokacin bikin wani abokinsa, kuma shi da kansa ya faɗa wa mahaifinsa a zaure kafin labari ya zo ta wani wuri. Ya amince ya sake zama ajin da ya faɗi. Batun babur ne har yanzu ba a daidaita ba: shi yana so ya riƙa haya da yamma da ranakun hutu domin ya riƙe kuɗin kansa, uban kuma ya ce tashar masu babur ita ce inda ƙwayar take, ba zai mayar da shi can ba. Malamar ta ƙi yanke musu hukunci, ta ce su je su kawo shawara ta uku wadda kowannensu zai iya ɗauka, kuma a kan wannan za a yi zama na gaba.